FITOWAR RANA A IKKO: SHIN GODIYA TANA RUFE BAKIN MAI HAƘƘI?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tashe mu da rai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa, wani yaro yana bina bashin amsa. Ban biya shi lokacin da ya kamata ba, kuma ban san sunansa ba balle inda zan same shi. Shi ya sa na ce bari in ajiye amsar a nan, wataƙila Allah Ya kai masa ita ta hannun waninku.

A watan Janairu 'yan uwanmu 'yan Arewa mazauna Legas suka gayyace ni wa'azi. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi, wurin ya cika da 'yan dako, masu shayi, masu gadi, 'yan gwari da mahauta. Na yi magana a kan godiyar ni'ima kusan awa guda. Da aka zo tambayoyi sai wani saurayi ya miƙe, ba zai wuce shekara 25 ba. Ya yi sallama cikin ladabi, sannan ya ce:

"Malam, a yi mini afuwa. Ni ɗan acaɓa ne. Da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin garin nan a 2022 aka kama babur ɗina, har yau ban sake ganinsa ba, kuma bashi na ci na saya. Da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin motar zuwa gida ma ya fi ƙarfina. Shekara biyu ban ga mahaifiyata ba. Duk malamin da ya zo sai ya ce mu gode wa Allah. Malam, anya ba da wannan maganar ake lallaɓa talaka ya yi shiru ba? Me ya sa mu kaɗai ake yi wa wa'azin godiya?"

Wurin ya yi tsit. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, raina ya ɗan sosu. Sai na ce masa ya ji tsoron Allah, yanzu haka akwai waɗanda ke kwance a asibiti da za su ba da duk abin da suka mallaka don su samu ƙafafun da ya tsaya a kansu. Jama'a suka yi kabbara. Yaron ya zauna, can kuma na hango shi ya ɗauki takalmansa ya fita.

Abin da na faɗa gaskiya ne. Amma tun kafin in sauka daga kan kujera na san jama'a na gamsar, shi ban amsa masa ba. Ya tambaye ni wani abu, na ba shi amsar wani abu daban.

Masaukina wani bene ne a Ebute Metta, gidan wani Alhaji da ya karrama ni iya karramawa. Daren nan barci bai zo ba. Ga zafi, ga sauro, ga ƙarar janareton maƙwabta, ga maganar yaron nan tana ta yi mini yawo a kai. Da muka dawo daga sallar asuba sai na roƙi dattijon da ke gadin gidan ya buɗe mini ƙofar saman bene, in zauna in yi azkar ɗina a inda iska take.

Wanda bai san wurin ba, Ebute Metta tana bakin babban tafkin nan na Legas da ke haɗe da tekun Atlantika. In ka fuskanci gabas, ruwa ne shimfiɗe a gabanka. Doguwar gadar da ake kira Third Mainland ta ratsa ta kansa, tsawonta kilomita 11.8, an buɗe ta a 1990. A wannan lokacin gari bai gama wayewa ba, amma gadar ta riga ta cika da fitilun motoci, jere kamar carbi. Mutanen Agege da Ikorodu da sauran unguwannin nesa ne, waɗanda suka bar gida tun kafin kiran sallar farko don su riga cunkoso. Ta hagu Makoko ce, unguwar masunta da aka kafa gidajenta na katako a kan turaku cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi yana tashi daga cikinta. Ta dama kuma dogayen benayen tsibirin Legas ne, da fitilunsu da ba sa mutuwa.

Sai gabas ta fara yin fari, ta koma ja-ja. Ruwan da yake baƙi ɗazu ya zama toka-toka. Na fara rarrabe kwale-kwalen masunta ɗaya bayan ɗaya, wani yana tuƙi, wani a tsaye yana jan taru. Wajen ƙarfe bakwai, ta can ɓangaren Ikoyi, rana ta ɓullo. Saboda hazon hunturu da ke kaiwa har bakin teku a watan Janairu, ta fito ja wur kamar faifai, babu zafin da zai hana ido kallonta. Haskenta ya kwanta a kan ruwa tun daga can har ƙasan gada.

Wallahi 'yan uwa, ban shirya komai ba. Sai kawai na ji zuciyata ta yi sanyi, bakina yana cewa Alhamdulillah a hankali, ba mai ji sai Wanda ake faɗa dominSa. Na manta da sauro, na manta da rashin barci. Shekaruna sun haura hamsin, ke nan rana ta fito a kaina fiye da sau dubu goma sha takwas. Na tambayi kaina, sau nawa a ciki na zauna na dube ta na ce na gode? Da ƙyar in sun cika yatsun hannu.

Ku tsaya mu yi lissafi kaɗan. Tsakaninmu da rana akwai kimanin kilomita miliyan 150. Hasken da ya taɓa fuskata a saman benen nan ya baro ta minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi da suka wuce. Ƙasar da nake zaune a kanta tana juyawa da ni, a daidai Legas gudun ya haura kilomita 1,600 a awa guda, amma ko ruwan butata bai motsa ba. Wannan rana da nake kallo ta riga ta fito wa mutanen Maiduguri da rabin awa ko fiye, ta bi ta Kano, kowane gari da mintinsa, ba ta taɓa saɓa wa kowa alkawari ba. A garin Tromso na ƙasar Norway kuwa, daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu ba sa ganinta sam. Mu a nan kullum sai ta zo, babu takardar biyan kuɗi, babu layi, babu "sai ka san wani".

A ƙarshen Suratul Ƙasas, aya ta 71 da ta 72, Allah Ya sa mu yi tunanin yadda za mu kasance da Ya dawwamar da dare a kanmu har tashin ƙiyama, ko Ya dawwamar da yini babu daren hutawa. Kuma da wannan rana ce Annabi Ibrahim (AS) ya kashe bakin sarkin da ya yi jayayya da shi a Suratul Baƙara, ya ce in ya isa ya fito da ita ta yamma. Ita kanta baiwar Allah ce mai bin umarni, shi ya sa aka hana mu yi mata sujada, aka kuma hana nafila a daidai lokacin ɓullowarta har sai ta ɗaga. Muna kallon kyautar ne don mu tuna Mai kyautar.

To me ya hana mu gani? Hausawa sun ce sabo turken wawa. Ni'imar da ta fi girma ita ce ta fi saurin ɓacewa daga ido, saboda ba ta fashi. A ɗauke wutar lantarki kwana uku a dawo da ita, za ka ji unguwa ta ɗauki ihun yara. Rana kuwa da ba ta taɓa ɗaukewa ba, ba mai yi mata ko sannu. Haka numfashi, haka uwa, haka matar da ke dafa maka abinci shekara ashirin. Duk abin da ba ya yanke mana, sai mu mayar da shi haƙƙinmu.

Ina cikin wannan daɗin sai maganar yaron ta dawo mini, kuma ta dawo da ƙarfi, domin yanzu gari ya waye ina ganin komai.

Hasken da ya sauka a kan gilasan benayen Ikoyi shi ne ya sauka a kan rufin kwanon Makoko. Amma wanda ya kwana a ɗaki mai sanyi da wanda ya kwana a kan ruwan da ake zubar da ƙazantar gari a ciki ba safiya ɗaya suka tashi da ita ba. Na tuna a shekarar da aka buɗe gadar nan, 1990, a cikinta aka rushe unguwar Maroko, aka tashi dubban ɗaruruwan talakawa, yau filin yana cikin wurare mafi tsada a ƙasar nan. Makoko ma an rushe wani sashenta a 2012. Daga saman bene, hayaƙin bandar kifi abin sha'awa ne. Matar da ke tsugune a gabansa tun asuba, idonta yana zubar da ruwa, ita ta san abin da yake. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai na ji kunya. Na ce anya wannan godiyar tawa ba godiyar ƙoshi ba ce? An biya mini kuɗin jirgi, an yanka mini kaza, jibi zan koma gidana. Ina da wahalar yin Alhamdulillah a wannan hali? Kuma da wane baki zan tsaya gaban wanda aka ƙwace wa babur in ce masa ya yi irin tawa?

Ina nan zaune sai ga dattijon nan mai gadi ya hawo da kofin shayi da ya karɓo mini a bakin titi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ina kwana? Ina aiki?" Ya ce, "Aiki da godiya, Malam."

Kun san wannan amsa, kullum muna ba da ita ba tare da mun ji ta ba. Amma a safiyar nan sai ta tsaya mini. Na ce ya zauna, muka taɓa hira. Mutumin wani ƙauye ne a Zamfara. Yana da gona da shanu, 'yan bindiga suka kore shanun, gonar kuma ta gagari zuwa. Ya kai iyalinsa wurin dangi a cikin gari, shi ya gangaro Ikko da tsufansa. Ya ce kullum in ya idar da asuba yakan hawo nan ya ɗan zauna. Na ce me yake kallo? Ya ce, "Malam, a garinmu mun yi shekaru in dare ya yi ba mu san ko za mu ga safiya ba. Wani daren a cikin dawa muke kwana da yara. Tun daga lokacin, duk ranar da na ga ta fito sai in ji kamar an ba ni kyauta. Jiya ba ta tabbatar mini da yau ba."

Na ce to Alhamdulillah, ga shi Allah Ya haɗa shi da uban gida nagari. Ya yi ɗan murmushi, ya yi shiru. Da na matsa sai ya ce, wata uku ke nan ba a ba shi albashinsa ba. Kullum Alhaji ya ce kasuwa ce, a ƙara haƙuri. Ya yi magana sau biyu, kuma ya ce gobe ma zai sake yi, don yarinyarsa ba ta da lafiya a gida.

Na ce, "Baba, amma yanzu ka ce mini aiki da godiya."

Ya ce, "Ai Malam kowanne da mai shi. Godiyata ta Allah ce. Kuɗina kuwa yana hannun Alhaji. In na fasa gode wa Allah saboda Alhaji, na zalunci kaina. In na bar wa Alhaji kuɗina da sunan godiyar Allah, na zalunci 'ya'yana."

'Yan uwa, na yi shekaru ina karantar da babin godiya, amma a bakin wannan dattijon da bai wuce izu biyar ba na ji amsar da na kasa bayarwa a daren jiya.

Kuskurena shi ne na haɗa lissafi biyu a littafi ɗaya. Akwai abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, akwai abin da ke tsakanin bawa da bawa. A na farko kullum mu ake bi bashi, domin ido da numfashi da safiya ba da kuɗinmu muka saya ba, kuma babu talakan da ya talauce har ya rasa abin godiya a wannan littafin. A na biyu kuwa ana bin mu, muna bin wasu, kuma Shari'a ta tsaya a kan a biya kowa. Yaron nan ya kawo ƙara a kan littafi na biyu, ni kuma na buɗe masa na farko na ce ya karanta ya yi shiru. Wanda duk ya yi haka, ko malami ne ko mai mulki ko uban gida, ya ɗauki kalmar gaskiya ya toshe bakin mai haƙƙi da ita.

Addinin da ya umarce mu da godiya shi ne ya gaya mana, a hadisin da Bukhari ya ruwaito, cewa Allah da kanSa zai zama abokin shari'ar wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama morarsa ya hana shi ladansa. Shi ne ya sanya faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba cikin mafificin jihadi. Shi ne ya yi wa wanda aka zalunta izinin ya bayyana zaluncin da aka yi masa, ku duba aya ta 148 a Suratun Nisa'i. Babu inda aka ce sharaɗin godiya shi ne ka yafe guminka dole.

Amma kuma yaron nan, in yana karantawa, akwai rabin da nake so ya riƙe. Ɗana, kada ka bar waɗanda suka ɗauke maka babur su haɗa da safiyarka. Sun karɓi abin da hannunsu ya kai. In ka bar ɗacin abin ya hana ka ganin lafiyarka, da mahaifiyar da har yanzu take raye tana yi maka addu'a, da ranar da ta fito maka yau, to ka ƙara musu da abin da hannunsu bai kai ba. A Suratul A'araf, alwashin da Iblis ya sha a kan 'yan Adam ya ƙare ne a kan cewa mafi yawansu ba za a same su masu godiya ba. Ka ga ke nan butulci shi ne ribar da yake nema. Kuma na lura, wanda zuciyarsa ta cika da ɗaci zalla ba ya daɗewa a neman haƙƙi. Ko ya gaji ya sallama, ko ya fusata ya faɗa abin da ya fi asarar babur muni. Baba mai gadi ya yi magana sau biyu, zai yi ta uku, bai zagi kowa ba, bai ɗauki abin kowa ba, bai kuma fasa ba. Abin da yake samu a saman benen nan kowace safiya shi yake ba shi wannan ƙarfin.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi ci mini rai: me ya sa ku kaɗai ake yi wa wa'azin godiya? Ka yi gaskiya, kuma laifinmu ne mu masu wa'azi. Malamai sun daɗe da bayyana cewa godiya ba a baki kawai take ba. Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware babi guda na haƙuri da godiya a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya nuna godiya ta ƙunshi sanin Mai ni'ima, da farin cikin zuciya, da aiki da ni'imar a inda Mai ita yake so. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, ya rubuta littafi sukutum, Uddatus Sabirin, yana tattauna wanda ya fi tsakanin mawadaci mai godiya da matalauci mai haƙuri, ya tsaya a kan cewa wanda ya fi taƙawa a cikinsu shi ne ya fi. A Suratu Saba'i ma, da aka umarci iyalan Annabi Dawud (AS) da godiya, da kalmar aiki aka umarce su. Manzon Allah (SAW) kuwa tsayuwar dare yake yi har ƙafafunsa su kumbura, da aka tambaye shi dalili sai ya danganta abin da zama bawa mai godiya.

In haka ne, nauyin godiya yana ƙaruwa ne gwargwadon abin da aka ba ka. Godiyar mai dukiya ita ce zakka da biyan ma'aikaci a kan lokaci. Godiyar mai mulki ita ce adalci, in zai hana mutum sana'a ya buɗe masa wata ƙofar. Godiyar mai ilimi ita ce ya faɗi gaskiya ko da a gidan da aka ba shi masauki. Alhamdulillah da mai kuɗi zai rubuta a bayan motarsa alhali direban motar yana binsa albashi, wannan ado ne. Ƙaruna ma ai bai rasa baki ba, abin da ya rasa shi ne yarda cewa ba iyawarsa ce ta ba shi ba.

Da na kawo nan a tunanina sai na ga maganar ta juyo kaina. An ba ni ido na ga fitowar rana, an ba ni kunne na ji halin dattijon nan, an ba ni baki da Alhaji yake jin nauyinsa. In na sauka na ci karin kumallo na yi addu'a na tafi, to Alhamdulillah ɗin da na yi a sama ta tsaya a sama ke nan.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini nauyi. Mutum ya karrama ka, ka kwana a gidansa, sannan ka buɗe baki ka ce masa ana binsa bashi? Shaiɗan ya kawo mini uzuri kala-kala: ba ruwanka, baƙo ne kai, kada ka jawo wa tsohon nan kora. Na fara komawa wurin Baba na nemi izininsa, don kada in yi gyaran da zai zama ɓarna. Ya ce in yi, ai ba ƙarya zan faɗa ba.

Bayan mun karya, na keɓe da Alhaji, daga ni sai shi. Na gode masa a kan karamcinsa, domin wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Sannan na ce, "Alhaji, akwai kyautar da na san ka tanadar mini ta sallama. Ina roƙonka ka fara sallamar mai gadinka da ita. Ni baƙon kwana biyu ne, shi kuwa a kan haƙƙinsa za a tsayar da kai." Fuskarsa ta canza. Ya yi bayanin kaya da suka maƙale a tashar jiragen ruwa, da bashin da shi ma ake binsa, kuma na yarda ba ƙarya yake yi ba. A ranar ya biya wata biyu, ya yi alkawarin cikon. Da zan tafi, direba ya sa ya kai ni, shi bai fito rakiya ba. Har yau gaisuwarmu ba ta koma kamar da ba. Ina yi masa addu'a, domin mutumin kirki ne da ya yi sakaci, kamar yadda ni ma na yi sakaci a daren wa'azi.

Ga abin da nake so mu ɗauka, ni da ku.

Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yakan zauna a inda ya yi sallar asuba har rana ta fito. Mu gwada, ko sau ɗaya a mako. Ba sai kana bakin teku ba. Rana tana fitowa a kan Dala, tana fitowa a kan kogin Kwara a Yamai, tana fitowa a kan rufin kwanon zango a Kumasi. Ka ajiye waya. Ka yi azkar ɗinka, ka dubi gabas, ka ƙirga abu biyar da ka tashi da su waɗanda ba kai ka ba kanka ba. Ka ambace su da sunansu, don godiyar jimla ba ta cika taɓa zuciya ba. In rana ta ɗaga kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin, ka yi raka'a biyu na walaha. An ruwaito cewa kowace gaɓa a jikin ɗan Adam akwai sadaka a kanta a duk ranar da rana ta fito, kuma raka'o'in nan biyu suna isar wa mutum.

Sannan kafin ka tashi daga wurin, ka yi wa kanka tambaya ɗaya: wa yake bina? Yarinyar da ke aiki a gidanka, telan da ya ɗinka maka kayan sallah, ɗan ga-ruwa, malamin Islamiyyar 'ya'yanka, ƙanwarka da rabon gadonta yake hannunka. In akwai, to godiyar wannan safiyar tana jiranka a ƙofarsa.

In kuma kai ne ake riƙe wa haƙƙi, ka nema ta hanyar da Shari'a da doka suka yarda, ka nema da ladabi, ka nema ba gajiyawa. Wanda ya ce maka neman haƙƙi rashin godiya ne, ka gaya masa abin da Baba mai gadi ya gaya mini: kowanne da mai shi.

Kai kuma ɗana ɗan acaɓa, ka yafe mini. Tambayarka mai kyau ce, amsata ce ta gaza. Ina roƙon Allah Ya musanya maka da abin da ya fi babur ɗinka alheri, Ya haɗa fuskarka da ta mahaifiyarka cikin lafiya.

Ya Allah Ka sanya mu cikin bayinKa 'yan kaɗan masu godiya. Ka sa godiyarmu ta sauka daga harshe zuwa hannu. Ka dawo da aminci garuruwanmu, waɗanda suke kwana a dawa su koma ɗakunansu. Kada Ka tashe mu ranar ƙiyama da haƙƙin kowa a wuyanmu.

Allah ne mafi sani.